Rufa-ido Daga Dandamali Zuwa Majigi: Barkwancin Finafinan Faransa na Farko da Idon Ɗan Kallo a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Takardar ta bi sawun yadda dabarun 'yan dabo suka tashi daga dandamali suka shiga kyamara a Faransa tsakanin 1896 da 1912, da dalilin da ya sa suka koma abin dariya. Daga nan ta gwada su da wasannin kasuwa na kudancin Katsina, domin ta ja da ra'ayin masu majigin zamanin Turawa cewa manomin Arewa ba zai gane wayon kyamara ba.

Gabatarwa



Wanda ya ga taken nan a jadawalin taro zai iya cewa me ya haɗa kifi da kaska. Ina Faris ta 1896, ina fulotin auduga na Funtuwa? Ɗan kallo ne ya haɗa su. Maganar da nake son kafawa ita ce, rufa-ido ba ya ba da dariya sai mai yi da mai kallo sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ƙarya ake yi, kuma kowa ya san ƙarya ce. A kan wannan yarjejeniya Georges Méliès ya gina sana'arsa. Manoman kudancin Katsina sun san ta tun kafin motar majigi ta tako ƙasarsu, don sun daɗe suna kewaye 'yan dabo da 'yan kama a kasuwa. Turawan da suka kawo majigin ne ba su san da haka ba, kuma rashin sanin nasu ya yi tasiri a kan irin finafinan da aka yi ta nuna wa iyayenmu shekara da shekaru.

Mai gyaran agogo da akwatinsa

Jean-Eugène Robert-Houdin (1805–1871) mutumin garin Blois ne, gyaran agogo kuma ya gada. A 1845 ya buɗe ɗan ƙaramin gidan wasa a Faris. A da, ɗan dabon Turai yakan fito da doguwar riga da hula mai tsini, yana nuna kamar da iskoki yake aiki. Shi kuwa Robert-Houdin da kwat ya yi suna, irin ta attajiran da suka zo kallonsa, a dandamalin da aka shirya kamar falon gida. Kayan aikinsa waya ce da sifirin da maganaɗisu da lantarki. Abin da yake sayar wa mutane a fili yake: ku zuba ido, zan ruɗe ku, ba kuwa za ku gane ta inda na bi ba.

A Afirka ya saɓa wa wannan ƙa'ida. A 1856 hukumar Faransa a Aljeriya ta gayyace shi domin ya rage kwarjinin shehunan da jama'a ke ganin suna da karama, waɗanda Faransawa ke zargi da zuga tawaye. A ƙarshen Oktoba, a gaban shugabannin ƙabilu, ya ajiye wani ɗan akwati ya kira wani ƙaƙƙarfan mutum ya ce ya ɗaga. Ya ɗaga ba wahala. Sai ya ce masa to yanzu ya zare masa ƙarfi. Mutumin nan ya yi ta kokawa da akwati, akwati ko gezau. Gindinsa na ƙarfe ne, a ƙarƙashin dandamali kuma an ɓoye maganaɗisun lantarki. Da aka sakar masa wuta ta mariƙi, sai ya kwarma ihu ya ruga waje. Daga littafin da Robert-Houdin ya rubuta a kan rayuwarsa aka fi samun wannan labari, don haka a rage masa gishiri. Ya ce daga baya an sa tafintoci sun bayyana wa baƙin cewa gwaninta ce kawai. Ko da hakan ta faru, a lokacin da mutumin ke ihu ba wanda ya gaya masa. Akwatin da ke ba mutanen Faris dariya shi ne ya zama abin razanarwa a Aljeriya, kuma ba a canza masa ko ƙusa ɗaya ba. Yarjejeniyar kawai aka janye.

Gidan wasan da ke ɗauke da sunan wannan mutum shi Méliès ya saya a 1888, da kuɗin rabonsa na masana'antar takalman mahaifinsa.

Abin da Méliès ya yi da kyamara

Méliès (1861–1938) yana cikin waɗanda suka ga nunin 'yan'uwan Lumière a Faris a Disambar 1895. Ya nemi su sayar masa da na'urar, suka ƙi. Ya samo na'urar haska fim daga Robert Paul na Landan, ya sarrafa ta ta zama kyamara. Tsakanin 1896 da 1913 ya yi finafinai fiye da 500.

Mu tsaya a kan guda ɗaya na 1896, Escamotage d'une dame chez Robert-Houdin, wato ɓatar da wata mata a gidan wasan Robert-Houdin. Tsawonsa minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Méliès ya shigo, ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya ɗora kujera a kanta, ya zaunar da Jehanne d'Alcy, ya lulluɓe ta da mayafi. Ya yaye, babu kowa. Ya ɗaga hannu, sai ga ƙwarangwal zaune a kujerar. Ya lulluɓe ƙwarangwal, ya yaye, ga mata ta dawo. Suka rusuna wa masu kallo suka fita.

Wannan wasa na Buatier de Kolta ne, an san shi a dandamali tun 1886. A can, matar ta wata ƙofar ɓoye da ke daɓe take zurarewa, jaridar kuwa an shimfiɗa ta ne don a nuna wa jama'a wai babu rami a wurin, alhali ita ma an yi mata tata dabarar. A fim babu buƙatar rami. Kyamara aka tsayar, matar ta tashi ta fita da ƙafarta, aka ci gaba da ɗauka. To me ya sa Méliès bai bar jaridar ba? A ganina jaridar nan ta fi ƙwarangwal muhimmanci. Da ita yake gaya wa mai kallo cewa wasan nan da ka sani ne, ni ɗan dabo ne, kai kuma aikinka ka kama ni.

Shi da kansa ya ba da labarin cewa kyamararsa ce ta cije wata rana yana ɗaukar titi a dandalin Opera, da ya wanke fim sai ya ga motar haya ta rikiɗe ta zama motar ɗaukar gawa. Labarin yana da daɗi, amma kamfanin Edison a Amurka ya riga ya yi amfani da dabarar a 1895, a fim ɗin fille kan Sarauniya Mary ta Sikotilan, inda aka musanya mutum da mutum-mutumi. Kuma tsayar da kyamara kaɗai ba ya isa. Jacques Malthête, wanda tattaɓa-kunnen Méliès ne, da wasu masu bincike sun duba tsofaffin zaren fim ɗin, suka tarar da yanka da liƙi a gurbin kowace rikiɗa. Kyamarar zamanin da hannu ake juya ta, idan za a tsaya ko za a tashi sai gudu ya ragu, haske ya ɓata wasu hotuna. Méliès yakan yanke su, ya daidaita motsin hannunsa na kafin tsayawa da na bayan tashi, ya liƙe. Saurin hannun ɗan dabo ya koma kan almakashi.

A 1897 ya gina ɗakin ɗaukar fim na gilashi a Montreuil, domin da hasken rana yake aiki, ya kuma sa masa ƙofofin ɓoye irin na gidan wasa. A nan ya ƙware a dabara ta biyu, ɗauka kan ɗauka. Ana rufe wani sashe na wurin da baƙin ƙyalle don kada haske ya taɓa wannan gefen na zaren, a ɗauka, a mayar da zare baya, a sake ɗaukar wani abu a gurbin da aka bari. A Un homme de têtes na 1898, yana cire kansa ya ajiye a tebur, wani ya tsiro masa, har kawuna uku suka jeru ga nasa na huɗu. Ya ɗauki molo irin nasu, suka kama waƙa tare. Muryoyinsu suka ishe shi, ya rotse biyu da molon, ya cire na wuyansa ya jefar, ya ɗauki wanda ya rage ya ɗora. A L'Homme orchestre na 1900 shi kaɗai ne makaɗa bakwai, ma'ana sau bakwai zare ɗaya ya bi ta cikin kyamara. Kuskure ɗaya a zagaye na shida ya ɓata biyar ɗin da suka gabata.

Na fi son L'Homme à la tête en caoutchouc na 1901. Wani mai haɗa magunguna ya ajiye kai irin nasa a tebur, ya sa masa zugazugi yana hurawa, kan yana kumbura yana zare ido. Ya sace iskar, kan ya koma daidai. Sai ya miƙa wa yaronsa zugazugin. Yaro ya yi ta zuga ba ji ba gani har kan ya fashe, maigida ya yi waje da shi. Yadda aka yi kumburin shi ne, Méliès ya zauna a kujera mai taya, jikinsa a rufe da baƙi, aka riƙa turo shi kan gangare zuwa bakin kyamara.

Daga ina dariyar ke fitowa? Abu biyu na gani. Na farko yawa ne. A dandamali, ɓatar da mutum ɗaya yana cin shiri da surutu da jan hankali na mintoci, saboda haka idan ya faru sai a yi tsit, sannan a tafa. A fim ana iya rikiɗa goma cikin minti ɗaya, abin mamaki kuwa idan ya yi yawa dariya yake komawa. A L'Auberge ensorcelée na 1897 matafiyi ya sauka a masauki: jakarsa ta ɓace, kyandir ya yi tsalle, takalmansa suka kama hanya su kaɗai, ya zo zama kujera ta ɓace ya sha ƙasa. Kafin ka gama mamakin ɗaya na gaba ya iso. Na biyu, a dandamali ɗan dabo ba ya faɗuwa, shi ne mai iko da komai. A fim ɗin barkwanci kuwa asirin kan mai shi yake juyawa. Kawunan da ya ƙirƙira sun dame shi, yaron da ya koya wa aiki ya fasa masa kai. Wanda ya zo da nuna isa shi ake yi wa dariya.

Kada kuma mu ɗauka shiru ake kallon waɗannan finafinai. Yawancin masu sayensu 'yan wasan kasuwannin shekara-shekara ne, masu yawo da rumfa gari-gari. Akwai mai kiɗa, akwai kuma mai bayani da ke tsaye gefen allo yana faɗin abin da ke faruwa yana ƙara nasa. Tom Gunning, a maƙalarsa ta 1986, ya nuna cewa fim ɗin wannan zamani nuni ya fi damunsa a kan labari: ɗan wasa yana kallon ka ido cikin ido, yana nuna maka abu da yatsa.

Bayan Méliès

Manyan kamfanoni sun karɓe dabarun cikin 'yan shekaru. Pathé ta ɗauki Gaston Velle, wanda shi ma ɗan dabo ne, da Segundo de Chomón ɗan Sifen. A fim ɗin Chomón na otal mai lantarki, na 1908, buroshi ne ke goge takalmi da kansa, mataji na taje gashin mace ba hannun kowa. Hoto ɗaya-ɗaya aka ɗauka, ana matsar da kayan kaɗan-kaɗan. Ta fuskar tsabtar aiki Chomón ya fi Méliès, sai dai ba shi da fuskar da za a tuna. A Gaumont, Jean Durand ya yi Onésime horloger a 1912: saurayi ya ci gado amma sai bayan shekara ashirin zai karɓa, sai ya je ya murɗa babban agogon gari, duk Faris ta kama gudu, ana aure ana haihuwa yara na girma a kan idonka. An rage saurin juya kyamara ne wajen ɗauka, da aka haska a saurin da aka saba sai komai ya zabura.

André Deed, wanda ya fara aiki a wajen Méliès, ya kai irin wannan hauka Pathé sannan Italiya. Max Linder kuwa, da ya shiga Pathé a 1905, ya bi wata hanya: dariyarsa daga halin mutum take fitowa, ɗan gayu mai doguwar hula da ke jin kunya a gaban surukai. Wannan hanya ce ta ci kasuwa, ita Charlie Chaplin ya bi, ya kuma amsa cewa Linder malaminsa ne. A 1907 Pathé ta daina sayar da finafinai ta koma ba da haya, abin da ya karya masu rumfar kasuwa, abokan cinikin Méliès. Ya daina fim a 1913. A 1923 ya ƙone ainihin zaren finafinansa da ke hannunsa, ya ƙare yana sayar da alewa da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse.

Da'irar kasuwa

Yanzu mu dawo gida. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar auduga ce da dawa da masara. Turawa sun kafa injinan gurzar auduga a garuruwan biyu, da gonar irin auduga a Daudawa, layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda kuma ya ratsa ta Funtuwa a shekarun 1920. Da kaka, idan an kai auduga fuloti kuɗi ya shiga aljihu, sai masu wasa su biyo: 'yan dambe, 'yan kokawa, gardawa da kura da maciji, 'yan tauri, 'yan hoto masu cilla galma sama su tare ta da jiki, 'yan kama, da 'yan dabo. Duk wanda ya ci kasuwannin Bakori ko Dandume ko Ƙafur yana yaro ya san da'irar nan.

Ɗan dabo ba ya fara wasa da wasa. Sai ya shimfiɗa buhu, ya jera tarkacensa, yaronsa na kiɗa, shi yana zagaye yana surutu har mutane su yi kauri. Ya naɗe hannun riga ya nuna tafukansa, ya juya hularsa ya kaɗe ta a gwiwa don a ga ba komai ciki. Ya jawo wani yaro daga cikin jama'a ya ce ya riƙe. Kaɗe hular nan da shimfiɗa jaridar Méliès aiki ɗaya suke yi. Sannan ƙwai ya fito daga hular, ko takarda ta koma kuɗi, ko a haɗiye allurai a zaro su a jere jikin zare.

Masu kallon su ne abin nazari. Ba a tsaye suke baki buɗe ba. Wani na cewa a lura da hannun hagunsa. Wani ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashin buhu. Ba a rasa dattijon da zai ce in da gaske takarda na zama kuɗi, me ya kawo shi rana yana roƙon kwabbanmu, a kwashe da dariya, shi ma ɗan dabon ya mayar da martani. Wanda ya fi kowa shakka shi ake jawowa tsakiya, a zaro masa ƙwai daga aljihu. Hausawa da suka kira abin rufa-ido sun riga sun yanke hukunci cewa a idon mai kallo aikin yake, ƙwai bai canza ba.

Za a iya ce mini ai da yawa daga cikin masu kallon sun yarda ɗan dabo na da asiri, wasu ma na cewa da aljanu yake aiki. Haka ne. Iyakar ba a shace take ba, kuma sau da yawa wasan kan ƙare da tallar laya ko maganin ƙarfe, inda ɗan dabo ke tsallakawa daga nishaɗi zuwa da'awa. Ɗan tauri ma ba ya cewa wasa yake yi. Amma Faris ɗin ma haka take. A zamanin Robert-Houdin 'yan'uwan Davenport na Amurka sun cika gidajen wasa na Turai da da'awar cewa ruhohin matattu ne ke kwance su daga ɗauri, shi kuma ya yi rubutu ya tona dabararsu. Kowace al'umma tana da mai gaskatawa da mai leƙen ƙarƙashin buhu, galibi ma a zuciyar mutum ɗaya suke zaune.

'Yan kama kuwa, waɗanda C. G. B. Gidley ya yi nazarin sana'arsu a 1967, su ne suka riƙe ɗaya ɓangaren, wato dariyar da ake yi wa mai nuna isa. Ɗan kama zai naɗa rawani, ya gyara murya kamar mai tafsiri, ya yi ta jan baƙi da fassara a kan tuwo da miya da fura. Ya ari rigar mai iko ne don ta zame masa a gaban jama'a. Mai haɗa magungunan Méliès da aka fasa wa kai, da ya zo kasuwar Bakori, da ba a buƙaci tafinta ba.

Majigi da ƙa'idar hana wayo

William Sellers jami'in kiwon lafiya ne a Legas wanda ya fara amfani da fim wajen wayar da kai tun ƙarshen shekarun 1920. Da gwamnatin Ingila ta kafa sashen finafinan ƙasashen mulkin mallaka a 1939, shi aka ba jagoranci, sashen kuma ya yi aiki har 1955. Sellers ya shimfiɗa ƙa'idoji na yi wa 'yan Afirka fim, ya buga su a 1941. A taƙaice: a tafi a hankali, a bar kyamara a tsaye daidai idon mutum, a nuna aiki daga farko har ƙarshe, kada a narkar da hoto cikin hoto, kada a koma baya a labari, kada a yi wani wayon kyamara, wai duk za su rikita mai kallo. Duk wayon da Méliès ya ƙware a kansa, an hana. Abin ban dariya, babban daraktan sashen, George Pearson, tsohon gwanin finafinan shiru ne na Ingila, ya san dabarun nan ciki da waje.

Akwai wani labari da ya yi ta yawo a rubuce-rubucen jami'an fim na wancan zamani. An nuna wa mutanen wani ƙauye fim a kan tsabtace gida da zubar da ruwan da ya kwanta, aka tambaye su me suka gani, suka ce kaza. Jami'an suka koma suka binciki fim ɗin, sai ga kaza ta gilma ta wani lungu na ɗan lokaci. Suka ɗauki wannan hujjar cewa mutanen ba su iya kallon hoto ba. Ni akasin haka na karanta. Wanda ya saba tsayawa gaban ɗan dabo ya koyi darasi ɗaya: inda ake nuna maka da yatsa ba nan abin yake ba, duba gefe. Mutanen sun ga abin da mai ɗaukar fim ɗin kansa bai gani ba. Wataƙila kuma kazar ce kaɗai abin sha'awa a fim ɗin.

Irin wannan labari ba a kanmu aka fara shi ba. An daɗe ana cewa mutanen Faris sun watse da gudu da suka ga jirgin ƙasan Lumière ya nufo su a allo, masu tarihi irin su Gunning da Martin Loiperdinger kuma sun nuna babu shaidar zamanin da ta tabbatar da haka. A 1901 Robert Paul ya yi fim ɗin barkwanci a kan baƙauyen da ya tsorata da majigi. Ɗan birni kullum yana buƙatar baƙauyen da zai yi wa dariya. Da baƙauyen Turai ya waye, sai aka nemo wani a Afirka.

Motar majigi takan iso da yamma, ta tsaya a fili, galibi ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a ƙasar Sarkin Maska ne ko ta Galadiman Katsina. A kafa allo, a ta da janareta bayan isha'i, tafinta ya riƙe lasifika. Brian Larkin ya yi bayanin tsarin a littafinsa na 2008: labaran gwamnati, fim ɗin koyarwa, da ɗan barkwanci don a riƙe jama'a. Finafinan Chaplin na cikin abin da irin waɗannan motoci suka yawata da shi a ƙasashen da Ingila ta mallaka. Tafintan nan shi ne mai bayanin rumfar Faransa, ya dawo da Hausa a bakinsa.

Sai mu duba fim ɗin noma da kansa. Baban Larai, wanda aka yi a shekarun 1950 don koyar da noman zamani, wanda kuma masu tarihin fim ɗin Hausa ke danganta ɗaukarsa da Daudawa, har yau tsofaffi na ambatonsa. Auduga ana shuka ta da damina ta kankama, a tsince ta bayan wata biyar ko shida. Fim ɗin koyar da noma kuwa a zama ɗaya ake kallonsa. Manomi ya sunkuya yana shuka, a yanka, ga tsiro. A yanka, ga gona ta yi fari fat. Wannan ita ce dabarar kujerar Jehanne d'Alcy, an dai cire mayafin. Manomin da ya san daɗewar auduga a gona fiye da kowa a wurin bai tashi ya ce an yi tsafi ba, bai kuma koma gida yana jiran tasa ta nuna da safe ba. Masu ƙa'idar hana wayo sun yi ta yin wayon ba tare da sun kira shi da sunansa ba, jama'a kuma sun yi ta ganewa.

Ta Indiya aka zagayo

Rufa-idon fim sosai ta wata ƙofar ya shigo Arewa. Dadasaheb Phalke, wanda ya yi Raja Harishchandra a 1913, ya taɓa sana'ar dabo a dandamali kafin ya kama kyamara. Abin da ya fara nuna wa masu kuɗi don su yarda su ba shi jari ɗan gajeren fim ne na tsiron wake, wanda ya ɗauka hoto ɗaya-ɗaya tsawon makonni, a allo kuma ya girma nan take. Daga gare shi finafinan Indiya suka gaji ɓacewa da bayyana da rikiɗa, kuma tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa kawo su gidajen silima na Arewa. Ba wanda ya rubuta wa masu kallon ƙa'ida, suka kuwa cika silima.

Da finafinan bidiyo na Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, dabarar farko da kowane mai kyamara ya gano ita ce ta 1896: danna maɓallin tsayawa, boka ya fita, a ci gaba. An yi amfani da ita ta hanya biyu. A finafinan ban tsoro ana so ka gaskata, a sa hayaƙi da ƙara da jan ƙyalle, kuma a ra'ayina su ne suka fi saurin tsufa. A finafinan camama, musamman na marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, bokan ƙarya ne ko mai layar zana da ta ƙi ci, yana taƙama ba a ganinsa alhali kowa na kallonsa. Waɗannan har gobe ana dariyarsu, domin ko dabarar ta fito fili ba ta ɓata komai ba, da ma ba a ce ka yarda ba.

Akwai wata matsalar aiki da ta raba mu da Montreuil. Méliès a gaban zanen bango yake ɗauka, bangon da ba ya motsi. Namu a waje ake yi, a gindin kuka ko bayan gari, inda a 'yan daƙiƙoƙin da aka tsayar da kyamara inuwa ta gusa, ganye ya kaɗa, akuyar da ke baya ta yi tsalle daga hagu zuwa dama. A gidan kallo nan take wani zai nuna ta, ɗaki ya ɗauki shewa. Matasan da ke haɗa irin wannan a waya yau don TikTok sun koyi jingina wayar da dutse da zaɓen bango mara motsi, ba tare da sun taɓa jin sunan Méliès ba.

Aikin da ya rage na gaggawa ne. Rahotannin majigi da ke ajiye jami'ai ne suka rubuta su, abin da jami'i ya zaci jama'a sun gane shi ke ciki. Waɗanda suka zauna a ƙasa gaban allon a Daudawa da Bakori da Malumfashi suna yara, yanzu sun haura saba'in. Ina ba ɗalibanmu na sassan Hausa da wasan kwaikwayo shawarar su same su da rikoda. Kada a tsaya tambayarsu darasin da fim ya koyar, wannan yana cikin fayil. A tambaye su a ina aka yi dariya, me tafinta ya ƙara daga bakinsa, da abin da mutanen baya suke faɗa da ƙarfi lokacin da gona ta yi fari cikin ƙiftawar ido.